Jan Layi a Bayan Gidan Liman

Na manta abubuwa da yawa a rayuwa, amma ban da ranar da na'urar zana taswira ta tona mini asiri a gaban dattawan gari guda.

Aikin sa kai muke yi, mu shida daga Daura. Ƙauyukan gefen garin Babban Mutum ba sa cikin taswirar intanet, masu gyaran rijiyar burtsatse kan zo su yi ta bulayi su koma. Aikin ba wuya. Ka kunna na'urar da ke karɓar bayani daga tauraron ɗan'adam, ka jefa a aljihu, ka hau babur. Duk inda ka bi tana jan layi, har da rana da lokaci. In ka ɗora a intanet, kowa ya gani kyauta. Doka ɗaya ce: ka gama aiki, ka kashe ta. (Ni ne ma mai tunatar da sauran, da murya irin ta hedimasta.)

To, a wani ƙauye akwai Hauwa'u, 'yar Malam Idi limamin garin. Aurenta nake so tsakani da Allah, amma ban tura manya neman izini ba. Kowa kuwa ya san Liman: wanda ya tsaya da 'yarsa ba izini, maganarsa ta mutu. Sai na riƙa ratsewa bayan la'asar, lokacin yana ba da karatu a masallaci, mu gaisa ta bayan danga.

Ranar tantance taswirar, shugabanmu Sagir ya haska majigi a bangon zauren Mai Gari don dattawa su faɗa mana sunayen wurare. Kowane ɗan sa kai da launinsa. Nawa ja.

"Wannan fa?" in ji Mai Gari. "Wace hanya ce ta bi bayan gidan Liman? Mu ba mu san da ita ba."

Sagir ya ƙara girman hoton. Ba layi ɗaya ba ne, sun kai goma, duk sun cukurkuɗe kamar taliya a gindin darbejiyar da nake safa da marwa ina jira. Sagir, wanda Allah bai hore wa yin shiru ba, ya fara karantowa: "Ranka ya daɗe, Talata bayan la'asar, Alhamis bayan la'asar, Asabar..."

Na ce, "Na ɗauka akwai rijiya ne a wurin."

Wani tsoho ya ce, "A garin nan aka haife ni. Ba komai a can sai akurkin kaji."

Kunya ta kama ni, gumi ya jiƙa mini hula. A raina na riga na yi ban kwana da Hauwa'u.

Liman, da ke zaune cikin dattawan, ya juyo gare ni. "Samari, na'urar nan tana ƙarya?"

"Ba ta yi, Allah gafarta Malam."

"To, madalla da ita. Ka goge wannan. Gidan yana da ƙofa, ta gabas take. In iyayenka ba su san hanya ba, ita za ka zana musu."

Kawunnaina sun je bayan mako biyu, ta gabas. Na goge layin daga intanet, amma har yau mutanen garin "hanyar mai taswira" suke kiran bayan dangar, Hauwa'u ma haka take tsokanata a gaban 'ya'yanmu.

Abin da na koya kaɗan ne: na'ura ba ta riƙe sirri. Yanzu ko gidan surukai zan je, sai na laluba aljihu kafin in yi sallama.