Sati Uku Yana Auna Karya

"Barka da asuba, tsohon mijina. Ashe ka kwana da ranka?"

"Na kwana, tunda ba girkinki na ci ba. Shigo ki rufe ƙofa, uwar surutu."

Kakana Wilfred ke nan. Shekara arba'in ya yi yana awon kifi a kasuwar Grimsby ta Ingila, shi ya sa ko shayi sai ya yi shawara da ransa kafin ya kurɓa. Tun rasuwar kakata gidan ya yi masa faɗi, abin yana damuna ƙwarai. Sati uku da suka wuce na ja shi gidan karnukan da suka rasa masu su, wata tsohuwar karya mai ɗingishi ta ɗora haɓa a gwiwarsa. Aka ajiye masa ita. Yau da ƙarfe sha biyu wa'adi zai cika, a ba wani.

"To, ka yanke shawara?"

"Ina kan yin ponder, wato dogon nazari."

"Sati uku! Wannan ai barci ne da ido buɗe."

"Kin gani? An kai ki jami'a, kin dawo wayam. Kalmar daga Latin ta fito, asalinta auna nauyi. Ba a yin ta kan zaɓen biskit, sai babbar magana. Ki ɗora nan, ki ɗora can, ki jira sikeli ya tsaya."

"Kafin sikelinka ya tsaya kifin ya ruɓe."

"Sauri ya haifi nawa, Imogen."

"Ita kuma nawa kai ta haifa."

"Ja'ira! Me kika auna kafin ki kwaso saurayin nan mai gemu kamar tsintsiya?"

"Gara shi, haƙoransa ba sa kwana a kofi."

Ya yi dariya har da tari. Can kuma ya shiga juya cokali a kofin shayinsa.

"Shekarata tamanin da ɗaya. In na riga ta tafiya fa? Ta sake komawa keji?"

Kai, sai da na ji hawaye na neman kunyata ni. Amma Wilfred ba ya cin tausayi, tsiya ta fi shigarsa.

"Kai? Ko mutuwa ta ƙwanƙwasa, cewa za ka yi ta dawo jibi, kana tunani. In kuma ta yi nasara, karyar tawa ce. Da ma babu wani abin kirki da zan gada a gidan nan."

Ya kafe ni da ido. "Alkawari?"

"Alkawari, rigimamme."

Ya dafa teburi ya miƙe yana murmushi.

"Miƙo min hulata. Kuma ki bar tuƙin mahaukatan nan naki, yarinya, yau akwai mai jirana."