Indararona Ya Shiga Kwaleji

Jama'a, yau an yi ruwa a Kano, amma a ɗakina kaɗai. Na idar da sallar asuba ke nan ina lazimi, sai na ji ɗis a tsakar kaina. Na ɗaga ido, wani ya sauka a kan hancina. Na leƙa waje, sama fes, ko ƙyallin gajimare babu, ga zafin bazara tun da sassafe. Na dawo ciki na tarar da mai ɗakina Turai ta jera kwanuka a ƙasa tana tarbar ruwa. Ba ta ce mini uffan ba, ni kuwa na fi tsoron shirun Turai da faɗanta.

Ga wanda bai san ni ba, ni ne Ilu mai ɗinkin hula a Ƙofar Wambai. Ban gaji gona ba, ban gaji sarauta ba. Abin da mahaifina ya bar mini shi ne soron nan mai bene, wanda ya gina da guminsa, ya tsaya a kan magina da kansa har aka ɗora azarar ƙarshe. A ƙarƙashin rufin nan aka yanke mini cibiya. Kuma da yake marigayi mutum ne mai son a san ya yi abu, sai ya sa wa rufin wani indararo na itacen giginya, dogo, wanda idan damina ta kankama yakan tsallake lungu ya zuba ruwansa daidai ƙofar maƙwabcina Gwadabe mai goro. Kowace damina sai mun yi cacar baki da Gwadabe a kan indararon nan, da kaka mu shirya, mu ci tuwo kwano ɗaya.

To, manyanmu, Allah ya ƙara musu basira, sun ji labarin cewa a wasu ƙasashe ana fitar da wuta daga ruwa. Mu da muka tashi muka ga ruwa yana kashe wuta muka yi dariya, su kuwa suka kafa Kwamitin Kawo Haske. Kwamiti ya zauna, ya sha shayi, ya haifi Kwalejin Koyon Wutar Ruwa a nan cikin ganuwa. Aka yi mata ƙofa mai fenti, aka ɗinka wa ɗalibai fararen riguna, aka saya wa shugaban kwamiti mota. Shi ne wanda muke kira Mai Girma Uban Haske, mutumin da ko gaisuwa ka yi masa sai ya amsa da jawabi. Komai ya kammala, kogi kaɗai aka manta.

Kada ku ce ɗaliban ne ba su da kai. Akwai wani Hammadu a cikinsu, ɗan Fulanin Ƙofar Na'isa, saurayi mai natsuwa, shi ya zaunar da ni ya yi mini bayani har na gane. Ya ce nauyin ruwan da ke faɗowa daga sama shi ke juya wata ƙafa, ƙafar ta juya inji, injin ya haifi wutar lantarki. Na ce to madalla, ina ruwan? Ya sunkuyar da kai ya ce da ma an shirya kai su can ƙasar duwatsu inda ruwa ke sulalowa daga tsauni, amma duk ranar da aka sa, sai a ce babbar motar kwaleji ta tafi kai 'yan biki. Kogunan bayan gari kuwa a kwance suke kan yashi, da rani ma sai ka tona kafin ka gan su.

Da abin ya ishi kwamiti, sai suka aiki masinjansu ya bi unguwa-unguwa yana tambaya ko akwai inda ruwa ke faɗowa daga sama da ƙarfi a cikin birni. Wa zai fara cin karo da shi in ba Gwadabe ba? Bawan Allahn nan ya ajiye goronsa ya rantse cewa duk ƙasar nan babu faɗuwar ruwa irin ta indararon Ilu, wai har jaki ya taɓa kayarwa da kayansa. A tunaninsa hukuma za ta zo ta cire masa ƙaya. Washegari sai ga manyan riguna cike da lungunmu, kowa ya ɗaga kai yana gyaɗawa. Kafin su tafi sun kafa allo a jikin bangona da manyan baƙaƙe: Babbar Magangarar Ruwa ta Kwaleji, An Hana Taɓawa.

Da farko har na ɗan ji daɗi, ba zan ɓoye muku ba. Ni ban taka ƙofar makarantar boko ba, ga indararona ya shiga kwaleji. Sai da lokacin yaɓe ya zo na gane cewa hanin taɓawar har da ni. Kowa ya sani rufin ƙasa sai ana binsa da yaɓe da makuba, wato jiƙon ɓawon ɗorawa, kafin ruwa ya sauka, in ba haka ba ya bi ka da kuka. Na kira magina, mun kafa tsani ke nan masinja ya zo a guje ya ce rufin yanzu kayan karatu ne. Na je ofis, akawu ya ce Mai Girma yana taro. Na koma, aka ce yana taro a kan wancan taron. Da na matsa, aka ce an kafa ƙaramin kwamiti ya duba ko laka tana tafiya da kimiyya, kuma har yau yana nan yana dubawa.

Kuna cewa ai ko ba komai ɗalibai sun ƙaru da damina? Ina! Wanda ya tsara wa kwalejin lokutan karatu daga littafin ƙasar waje ya kwafo, sai babban hutu ya faɗo daidai saukar ruwa. Indararo ya yi ta kwarara a ƙofar Gwadabe, babu ɗalibi ko ɗaya da ya gani. Suna dawowa sama ta ɗauke. Jarrabawar fita kuma aka sa ta a tsakiyar bazara, da sharaɗin cewa ba wanda zai karɓi satifiket sai an ga ƙwan lantarki ya kama da ƙarfin ruwa a gaban manyan baƙi.

Ɗalibai suka yi iyakar ƙoƙarinsu. Suka samo ƙafar keke suka ɗaɗɗaura mata gwangwanayen madara, suka haɗa ta da injin fitilar keke, suka ja waya zuwa wani ɗan ƙwai da aka rataya a kan sanda. Kwamiti ya ɗauko 'yan garuwa su riƙa hawa tsani suna juye ruwa a kan rufina. Ruwan ya ɗan tsiyayo ta indararo, ƙafar keke ta juya sau ɗaya kamar mai miƙa bayan barci, ta tsaya. Ƙwai ko ƙiftawa bai yi ba.

Nan ne na-hannun-daman Mai Girma, wani mai tabarau da muke kira Malam Gama-Dabara, ya buɗe littafi ya gano babin madatsar ruwa. Ya ce kuskuren da aka yi shi ne barin ruwa ya tafi yadda ya ga dama. A ƙasashen da suka ci gaba, tare shi ake yi ya taru, sannan a sake shi gaba ɗaya. Saboda haka a cusa tsumma a bakin indararo, a cika rufin da ruwa har ya kai ga rawanin soro. Na ce masa ranka ya daɗe, rufin nan ƙasa ce, ƙasa kuwa shan ruwa take yi. Ya dube ni ta saman tabarau ya ce a duk duniya ba a taɓa gina madatsa ba tare da mutanen wurin sun yi ƙorafi ba, don haka ƙorafina alama ce aiki yana tafiya daidai. Tun jiya 'yan garuwa ke hawa da sauka, har kududdufin unguwarmu ya ja baya. Abin da ya ɗiga mini a ka da asuba ke nan.

Da hantsi aka kafa rumfa a lungu, aka jera kujeru, aka kawo lemo. Aka ɗaura igiya a jikin tsumman don Mai Girma ya ja da hannunsa mai albarka. Yana fitowa daga mota na ratsa mutane na durƙusa a gabansa, ban damu da wanda ke kallo ba.

Na ce, "Ranka ya daɗe, a taimake ni a zare tsumman nan yanzu, a yi jawabin daga baya. Rufin ya ƙoshi, azara ta fara kuka. Gidan ubana ne, ba ni da wani."

Ya yi murmushi irin na manya, ya dafa kafaɗata. "Malam Ilu, tsari bai ba da haka ba. Jawabi ne farko, sannan lemo, sannan tsumma."

Ya kuwa yi jawabi. Ya faro tun daga zamanin ƙyastu da ƙanƙara, ya bi ta kan aci-balbal, ya ɗan huta a kan fitilar kananzir, ya yi wa duhu tatas. Ya ce nan gaba kaɗan ko akurkin kaji sai an sa masa lantarki, kaji su riƙa ƙwai suna ganin abin da suke yi. Aka tafa. Yana cikin wannan, Turai ba ta nemi izinin kowa ba, ta shiga fito da tasoshinta da akwatinta da tabarmi tana kai wa Kande matar Gwadabe ajiya. Hammadu ya tuɓe farar rigarsa ya taya ta da gadon ƙarfe. Da ya fito fuskarsa ta canja saboda yadda ya ga rufin daga ciki, ya nufi igiyar nan zai fizge, masinja ya sha gabansa ya raɗa masa cewa duk ɗalibin da ya riga Mai Girma taɓa igiya ya faɗi jarrabawa, shi da 'yan ajinsu duka. Yaron ya dube ni, idonsa ya yi ja. Na girgiza masa kai, na ce ya bari, don shekarunsa na karatu ba abin zubarwa ba ne.

Aka sha lemo a natse, har da masu neman ƙari. Sannan Mai Girma ya gyara hannun riga, ya yi bismillah, ya ja igiya. Tsumma ya faɗo ƙasa jagab. Kowa ya ɗaga kai yana jiran kogi. Ɗigo ɗaya ya leƙo daga bakin indararo, ya yi shawara, ya faɗa cikin gwangwanin madara. Sai muka ji wata ƙara daga cikin gida, ƙas-ƙas, sannan rugum, ƙasa ta girgiza har kwalaben lemo suka kife.

Ruwan madatsa ya fito, amma ta ƙofar zaure, jajawur da laka. Ya kwashe takalman manyan baƙi, ya tsallaka lungu ya shige gidan Gwadabe, ya yi gaba da huhunan goronsa. Na kutsa cikin gidana, na tarar rufin ya rufta, na hau abin da ya rage na matakala. Azarar da mahaifina ya zaɓo ɗaya bayan ɗaya ga ta nan a kakkarye kamar karan dawa. Wallahi na yi kuka, da gemuna da komai, ban ji kunyar kowa ba.

Kwamiti bai yi ƙasa a gwiwa ba, nan take ya zauna a ƙarƙashin rumfa babu takalma. Aka yanke cewa ɗalibai duka sun ci jarrabawa, tunda sun ga faɗuwar ruwa da idonsu, irin wadda ko a littafi babu. Na yi wa Hammadu murna har zuciyata, ko da yake shi ya kasa haɗa ido da ni. Ni kuma aka ja mini kunne a kan karkatar da ruwan kwaleji ta cikin ɗakina ba da izini ba, aka ce an yafe mini saboda tsufa.

Saura maganar ƙwan da bai kama ba. Mai Girma ya tattare riga ya shigo gidan da kansa, ya tsaya cikin laka ya ɗaga kai. Rana ce tsaye a inda rufi yake da, tana haska har lungun da ban taɓa ganin launinsa ba tun da aka haife ni. Ya juya ga akawu ya ce, "Rubuta. Yau ta dalilin ruwa haske ya shiga gida na farko a cikin birni." Aka tafa fiye da ɗazu, wani ma ya miƙo mini hannu yana taya ni murna.

Na ce to alhamdu lillahi, tunda an gama, a ba ni dama in kira magina. Malam Gama-Dabara ya ce sam, darasin baɗi a kan fashewar madatsa ne, kuma a duk ƙasar nan babu inda ya fi gidana dacewa da wannan karatu. Ya sa masinja ya goge lakar da ta fantsama a jikin allo.

Yanzu haka a zauren Gwadabe nake rubuta muku wannan, shi yana gefe yana tsintar goro daga cikin taɓo. Ya ce da ya san haka hukuma ke cire ƙaya, da ya bar indararon ya yi ta dukan ƙofarsa har tashin duniya. Shi ya shimfiɗa mana tabarma ya ce mu zauna har yadda hali ya yi. Bayan la'asar iska ta juyo daga gabas, hadari ya fara haɗuwa, irin baƙin nan da manoma ke yi wa murna. Turai ta fito ta daɗe tana kallonsa, sannan ta yi mini maganarta ta farko tun safe, a hankali.

"Malam, ina za mu sa kanmu?"

Na ci gaba da rubutu.

Af, kada masu kishin ilimi su tayar da hankalinsu. Na duba da kyau, indararon yana nan daram a jikin bango, ko ƙwarzane bai yi ba. Rufin da zai ba shi ruwa ne kawai babu.