Yadda Za Ka Rubuta Kanka Cikin Zuriyar Da Ba Taka Ba

Ka sauka gidan abokinka da niyyar kwana uku, aka ba ka ɗakin ƙofar gida mai fanka da taga biyu. Yau wata huɗu ke nan, an fara tambayarka ko mutanen gidanku ba sa kewarka. Kwantar da hankalinka. Ni malamin kimiyyar halittu ne, shekara tara ina koyar da makircin ƙwayoyin cuta, kuma na gwada wannan a kaina. Bi matakan nan, na ba ka tabbacin ba mai iya goge ka.

1. San ubangidanka

A cikin ƙwayoyin halittar jikinka akwai babban littafi, DNA, a kulle a ɗakin tsakiya. Daga shi ake kwafo 'yan takardu, RNA, a aika waje a yi aiki da su. Daga littafi zuwa takarda, haka ƙa'ida take. To akwai wasu ƙwayoyin cuta marasa ta-ido, irin mai karya garkuwar jiki, da ke zuwa da 'yar takarda kawai da wani sinadari, reverse transcriptase. Kada ka karya harshenka, ce masa Mai Rubutu da Baya. Shi ke mayar da takardar baƙo ta zama shafi, wani abokin aikinsa ya liƙa shafin a littafin masu gida. Kai ma labarin baka gare ka. Littafin zuriya kuwa yana wurin Kaka, kakar abokinka, a durowar gefen gadonta.

2. Ari mafari

Mai Rubutu ba ya iya soma layi haka siddan, sai ya ari wani ɗan guntu daga kayan gidan ya ɗora a kai. Nemi ɗan'uwan da ya tafi bai dawo ba. Kowane gida da nasa. Namu (ka ji, har na ce namu) wani Kawu Direba ne. Zauna kana matsa wa Kaka ƙafa, ka ja dogon numfashi, ka ce, "Kaka, mahaifina ma direba ne, dogo haka." Amma ka fara ganin hoto kafin ka ce dogo.

3. Yaga takardar asali

Sinadarin nan yana rubutu yana yayyaga takardar da ya kwafa. Ranar da Kaka ta sa tabarau ta rubuta sunanka da biro, ɓoye katin shaidarka a ƙarƙashin katifa. Idan gwaggonka ta gaskiya ta kira waya, fita titi ka amsa. Abokinka ba zai tona ba, shi ya kawo ka, kunya ta ishe shi.

4. Kada ka duba kuskure

Mai Rubutu ba ya waiwayen abin da ya rubuta, shi ya sa 'ya'yansa ba sa kama da juna, jiki ya rasa wanda zai kama. Yau Kawu tanka yake ja, gobe motar katako. Idan Yaya Babba, wan abokinka, ya ce, "Jiya fa ba haka ka ce ba," ka sunkuyar da kai ka ce maraya ba ya son tone-tone.

5. Guji bulon jabu

Nan ne zuciyata ke ƙuna. Akwai maganin da aka ƙera kamar bulon da Mai Rubutu ke gini da shi, sai dai ba a iya ɗora komai a kansa. Da ya ɗauka, gini ya tsaya cak. Autar gidan mai harhaɗa magunguna ce, ta san wannan fiye da ni. Ran Asabar, kowa na falo, ta miƙo mini ruwan sanyi tana murmushi.

"Yaya, to ka san Inna Tela, ƙanwar Kawu?"

Na ce, "Haba Auta, ai ita ta ɗinka mini rigar makaranta ta farko."

Ta ce, "Ikon Allah. Yanzu na ƙirƙiro ta a kicin."

Nan ginina ya tsaya cak.

6. Karɓi sakamako

Kafin azahar jakata na bakin ƙofa. Yaya Babba ya ɗauko littafin zai yage shafin, Kaka ta riƙe masa hannu.

"A bayan shafin nan sunan ubanka yake," ta ce. "Kuma tun ran farko na san ba namu ba ne, ɗana ko keke bai iya ba, tsiya ce ta sa ake ce masa Direba. Amma a cikinku wa ya taɓa matsa mini ƙafa?"

Magani yana hana sabon rubutu, ba ya goge wanda ya riga ya shiga. Ɗakin ya tafi, sunan yana nan.

Sanarwa: mai wannan rubutu ya yi alkawarin ba za a goge ka ba, bai ce za ka kwana a gidan ba. Duk wanda ya rasa fanka ya samu dangi, ake kiransa ɗaukar kujeru da gyaran famfo, shi ya jiyo. Kada a neme ni, musamman ran Laraba. Ranar nake kai Kaka asibiti, kuma ba ta yarda kowa ya riƙe mata hannu sai ni.