Sarkin Zongon Kanada

Ba zan taɓa mantawa da rakiyar da na yi wa ƙanena Isufu ba, ko da na so in manta, domin har gobe akwai tsofaffi a Bawku da ke kirana Sarkin Zongon Kanada. Ni na jawo wa kaina. Wauta iri-iri ce, amma tawa irin mai baki ce, ba ta iya zaman gida sai ta fita kasuwa ta tara jama'a.

Karatuna bai wuce aji uku ba (malaminmu ya ce ko ni in bar makarantar ko shi ya bari, sai na tausaya masa don yana da iyali). Albasa na sani. Na kai ta Kumasi, na kai ta Akra, na shiga Wagadugu da Lome. Isufu kuwa Allah ya ba shi kai. Uwarmu ta rasu yana goye, sai Gwaggo Hajo, ƙanwar babanmu, ta ɗauke shi ta tafi da shi Salaga. Ita ta yaye shi, ita ta yi ta sayar da koko da ƙosai har ya gama jami'a a Kumasi. Da aka ba shi aiki a ofishin gona na Bawku sai ya zauna a gidana. Wajen ƙarshen shekarun tamanin aka ba shi gurbin digiri na biyu a Kanada, wai zai karanci ƙasar noma. Na ce masa, "Ƙasar ce ta ƙare a nan sai ka je ta Turawa?" Murmushi kawai ya yi.

Shirinsa ba shi da wuya. Zai bar Bawku da wuri, ya je Salaga ya yi sauran kwanakinsa a gaban Gwaggo, wadda idanunta suka fara dushewa, daga nan ya bi ta Makango ya hau jirgin fito zuwa Yeji, ya wuce Akra inda jirgin sama yake. Akwati guda ya haɗa. Ni kuwa na ce wace irin tafiya ce wannan kamar ta ɓarawo? A wurinmu mai tafiya nesa ba ya tashi sai ya yi shela, mai saƙo ya kawo. Na tsaya a teburin mai shayi na sanar, na maimaita a ƙofar masallaci bayan la'asar: ƙanena zai tafi Turai, duk mai ɗa ko 'ya a can ya kawo saƙo.

Sai ga kaya. Daddawa a ƙunshe cikin ganye zuwa wani yaro a Jamus. Kuka da busasshiyar kuɓewa zuwa Landan. Ƙwaryar man kaɗe. Wata tsohuwa daga Zebilla ta kawo ƙaramin turmi da taɓaryarsa, ta ce 'yarta ta aiko cewa a can ba a samun sakwara. Duk na karɓa ina cewa an gama.

Isufu ya same ni a zaure ina ɗaure buhu. Ya ce, "Yaya, Kanada fa daban, Jamus daban. Akwai teku a tsakani."

Na ce, "Kai yaro ne a harkar tafiya. Duk garin da ka sauka, ka tambayi zongo, unguwar baƙi irinmu. Ka kai kayan gidan sarkin zongo, shi ya san wanda zai raba."

"Yaya, babu zongo a can."

"Ka taɓa zuwa?"

Ya ce bai taɓa ba. Ni kuma na ɗauka na ci gardama. Kada ku yi saurin zagina, domin duk garin da ƙafata ta taɓa takawa na tarar da zongo, da mai masauki, da wanda ya san ɗan wane jikan wane. Ta yaya za a ce ga gari babba har da jirgin sama amma ba zongo? Isufu kuwa kunyar yaya ta hana shi kwance mini zani a gaban mutane.

Muka hau loren albasa na wani abokina, muka bi ta Yendi. Abin da ban gaya wa Isufu ba shi ne, na riga na aika da direbobi su sanar da zuwanmu. Mai masaukina a can, Alhaji Mumuni dillalin hatsi, ya yanka rago. Makaɗan Dagomba suka zo ƙofar gida da gangunansu, suka tambayi sunan kakanmu, suka shiga wasa mu. To ni tunda uwata ta haife ni ba a taɓa yi mini kiɗa ba. Isufu na ɗaki yana duba takardunsa, ni ina waje cikin babbar riga ina karɓar gaisuwa, sai ka rantse ni ne mai tafiyar. Mutanen Yendi ma suka kawo nasu saƙon, har da batakari, rigar saƙin Dagomba, sabuwa fil zuwa wani ɗa a Italiya.

Kullum da safe sai Isufu ya zo ya durƙusa ya gaishe ni, ya ce, "Yaya, yau za mu wuce ko? Gwaggo na jira."

In ce, "Gobe. Alhaji ya ce a jira Juma'a a yi maka addu'a a masallaci." Bayan Juma'a in ce wata mata ta tafi ƙauye ɗauko saƙonta, ba kyau a bar ta. Gaskiyar magana ita ce kiɗan ne bai ishe ni ba. Har na ce masa, "Salaga gida ce, ba guduwa za ta yi ba." Ya tashi ya koma ɗaki wurin takardunsa.

Da muka tashi daga ƙarshe, ruwan sama ya ɓata hanyar Bimbila, lore ya kafe a laka, muka kwana a hanya. Muka shiga Salaga da hantsin ranar da dole Isufu ya ƙetare ruwa, in ba haka ba jirginsa ya tashi ba shi. Motar Makango kuma da azahar take tashi.

Aka sauke kayanmu a ƙofar gidan Gwaggo, tsibi guda kamar kayan amarya. Labari ya riga mu isa, sai ga mutanen Salaga su ma da ƙunshe-ƙunshensu, sun tare ƙofar. Isufu ko shiga bai samu yi ba. Wannan ya ja hannunsa, wancan yana faɗa masa sunan ɗansa da kamanninsa, "dogo ne, baƙi, yana da tsage, in ka gan shi ba za ka ɓata ba". Ni kuma ina tsaye da turmin tsohuwar Zebilla a kaina, ina ba da umarni a yi layi.

A nan haƙurin yaron ya ƙare. Bai ɗaga murya ba. Ya tsinci kara, ya tsuguna ya yi zane a ƙasa. Ya ce, "Iyayena, ku duba. Nan Salaga, nan Makka. Nan kuma Landan, can kuwa Kanada inda zan tafi. Tsakanin Landan da can ya fi tsakanin nan da Makka. Akwati guda aka yarda in shiga da shi jirgi. Ku yafe mini, ko ƙunshi ɗaya ba zan iya kaiwa ba."

Sai wani tsoho mai sayar da doya ya ce, "To wa ya ce a kawo saƙo?"

Duk idanu suka juyo kaina, ga ni da turmi a ka. Wata mata ta ce, "Ai ga sarkin zongon can a tsaye, har ya sa rawaninsa." Dariya ta ɓarke. Ban san ko in sauke turmin ko in bar shi ba, sai na bar shi. A daidai lokacin wani ya ɗaga buhu, aka ga man kaɗen ya narke a rana ya jiƙe batakarin ɗan Italiya sharkaf.

Kafin Isufu ya gama ba mutane haƙuri ɗaya bayan ɗaya, an kira azahar. Ya shiga wurin Gwaggo da sauri, ni ina biye daga nesa. Ta dafa masa wasawasa, abincin da ya fi so tun yana yaro. Daga baya maƙwabta suka gaya mini tun ranar da ta fara jiran isowarsa, kullum sai ta dafa sabo, in dare ya yi ta raba wa yaran unguwa. A tsaye ya yi loma biyu. Ta kama fuskarsa tana shafawa da hannu biyu, ta ce, "Zauna mana in ji ka." Yana shirin zama yaron mota ya leƙo ya ce direba ya tayar da inji. Ta tofa masa addu'a a ka, ya ɗauki akwatinsa ya fita yana goge ido da hular hannunsa. Ni ko kallona bai yi ba, sai da ya shiga mota ya ce, "Yaya, ka gaida gida."

Kayan nan ni na mayar da su, gari-gari, gida-gida, ina shan baƙar magana. Na biya batakari. Tsohuwar Zebilla ta karɓi turminta ta ce ko banza ya ga Salaga. Wannan duk kunya ce mai wucewa, har ni kaina ina ba da labarin a yi dariya. Abin da na koya kuwa, in ba ka taɓa zuwa gari ba, kada ka naɗa masa sarki, in kuma aka yi maka kiɗa, ka tambaya bikin na wane ne.

Wanda ba ya wucewa daban ne. Gwaggo ta rasu da daminar da ta biyo, Isufu yana can cikin sanyi. Ya dawo, ya yi aure, 'ya'yansa suna kirana Baba, kuma bai taɓa tayar mini da maganar Yendi ba. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

A ranar dai, bayan motar ta tafi, na koma gidan na zauna a tsakar gida cikin buhunan mutane. Gwaggo ta lalubo bango ta fito, ta ajiye kwanon wasawasan a gabana, ta ce in ci kada ya lalace. Ta ɗan tsaya tana shafa buhunan ɗaya bayan ɗaya. Sannan ta ce:

"Na kowa ka karɓa, ɗan nan. Ni nawa saƙon a baki yake, ba shi da nauyi, shi ne kuma bai samu wuri ba."