Dodon Koɗi a Gindin Randar Umma

Ko tsufa ya sa na fara ruɗewa, ba zan taɓa mantawa da ranar da aka kawo lefen Yaya Hadiza ba.

Lokacin ina shekarar ƙarshe a jami'a, binciken kammala karatuna kuma a kan hayayyafar dodon koɗi ne (kar ku tambaye ni, malami ne ya zaɓa min). Wata uku ina kiwon guda shida a makaranta, ko ƙwai ɗaya sun ƙi yi. Malamin ya ce min ƙiri-ƙiri, "In ba su hayayyafa ba, sai ki maimaita shekara."

Na gane zafi ne matsalar, don su sai a ƙasa mai damshi suke binne ƙwai. Duk unguwarmu ta Abakpa kuwa babu wuri mai sanyi irin gindin randar Ummanmu. Na zuba ƙasa a tsohon kwando, na saka su, na rufe, na tura bayan randar. Umma da ko kyankyaso ta gani sai ta sake wanke kwanuka, ina ni ina gaya mata?

Bayan sati biyar, ga dangin ango sun cika falo, an buɗe akwatuna ana ta sa albarka. Aka kawo lemo, sai gwaggon ango, wata dattijuwa mai gilashi, ta ce ita ruwan randa take so. Na ɗebo, na durƙusa da ladabi na miƙa. Ta kai moɗar baki, ta tsaya. A gefen moɗar ga wani ɗan mitsitsi kamar ƙwayar wake, yana tafiyarsa hankali kwance.

"'Yata, wannan kuma fa?"

Mai hankali haƙuri zai ba da. Ni kuwa na fizge moɗar na ruga, na tarar da su fululu a jikin randa, sun fito ta ramukan kwando. Wallahi ban san lokacin da na rangaɗa guɗa ba, na dawo falo ina tsalle ina cewa, "Umma, sun haihu!"

Umma ta yi min kallon da har yau nake jin sa a ƙeyata. Gwaggon ta gyara gilashi ta ce, "Wannan ce amaryar?" Aka ce a'a, ƙanwarta ce. Ta ce, "To, alhamdulillahi."

An yi biki lafiya, ni kuma na fita da makin da ya fi na kowa a ajinmu. Kunyar ta kwana biyu ce, takardar digirin kuwa tana nan a bangon falon. Abin da na koya ɗaya ne: in za ka ɓoye abu mai rai a gidan mahaifiyarka, fara tambayar yaushe za a yi baƙi.