Rasuwar Ta Bakwai, Wadda Layi Ya Zo Kanta

Da zuciya cike fal da baƙin ciki, ni mai kula da ɗakin na'urori, a madadin sashenmu, nake sanar da rasuwar na'urar ajiyarmu, Ta Bakwai, ranar Talata da hantsi, tana da shekara tara a bakin aiki.

Marigayiya ɗaya ce cikin 'yan'uwa goma sha biyu da ke riƙe wa jama'a hotuna da takardu. Mai amana ce. Ta ajiye hoton rasit ɗin wani bawan Allah har kwafi dubu huɗu, ba ta taɓa tambayarsa dalili ba. Abin da ta sani kawai shi ne "huuum", sai "ƙit-ƙit" idan aiki ya yi yawa. A iskar bayanta mai ɗumi nake shanya safata duk ranar da ruwan sama ya dake ni.

Ciwon ajalinta bai daɗe ba. Lokacin sabunta manhaja ne ya zo, kuma bi da bi muke yi, a kashe ɗaya a sabunta ta, sauran su riƙe mata kaya, don kada masu ajiya su ji a jikinsu. Shida sun shiga sun fito lafiya. Da aka zo kanta na ce wa babbar injiniya, "Ranki ya daɗe, tsohuwa ce fa, tun da aka kawo ta ba a taɓa kashe ta ba."

Ta ce, "Minti biyar ne, Malam. Danna."

Na danna. Fitilarta ta yi ja, fanka ta juya sau biyu, ta ce "fiii", shi ke nan. Mun kashe mun kunna har sau tara. Na cire waya na hura mata iska da bakina. Rai ya yi halinsa.

Ko takarda ɗaya ba ta ɓata ba, don komai nata akwai kwafinsa wurin 'yan'uwa. Masu ajiya ba su ma san an yi mutuwa ba, wannan ne ya fi ci mini rai.

Ta bar 'yan'uwa goma sha ɗaya, fayafai ashirin da huɗu, da ƙafar safa ɗaya.

Za a kwance ta ranar Alhamis da ƙarfe goma. Masu zuwa su sa rigar sanyi, don ɗakin na'urori akwai sanyin AC, mai sukudireba ya taho da shi. Muna roƙon a yi ta'aziyya ƙasa-ƙasa. Ta Takwas na gefe, ranar Litinin ne nata layin, kuma har yanzu ba mu gaya mata ba.