Sallau da Tsohon Mai Kifi

Wani mutum ne a layinmu, Malam Sallau, ana ce masa Na-Landan. Shi dai a faɗarsa, Turancin makaranta na yara ne. Nasa na 'yan kasuwar gabashin Landan ne, wai Kokni, inda ake haɗiye rabin kalma, a ce tuffa ana nufin matakala. Ya ce ko Turawan sai sun nemo shi yake warware musu.

To, ɗana Nafi'u yana karatu can, yana haya a gidan wani tsoho mai sayar da kifi. Kwana tara ban ji muryarsa ba. Na yi addu'a, na ɗauko lambar tsohon, na nufi shagon tela inda Sallau yake zama.

Ya gyara hula. "Hajiya, kin zo gidan magana."

Aka buga, aka ƙara murya kowa ya ji. Tsoho ya yi tari, ƙyoho, ya zubo zance ratata, kare ya yi haushi, wani abu ya ce ƙiiit. Sallau ya karkace baki ya shiga nasa, har da dariya da buga cinya.

"Ya ce yaro lafiya lau, ya yi ƙiba."

"Tambaye shi me ya hana shi kira."

Aka sake bugawa. Tari, ratata, haushi, ƙiiit.

"Ya ce sanyi ne. A aika da kilishi ta hannuna."

Na uku ma haka. Wannan karon wai tsohon ya gane muryarsa, tare suka yi dakon kifi.

Na ce, "Malam Sallau, karen nan kuwa yana da tsari. Sau uku, wuri ɗaya yake haushi."

Ya ce, "Karnukan can horarru ne."

Washegari da hantsi sai ga kiran Nafi'u, wayarsa ce ta faɗa ruwa. Alhamdulillahi. Na taka har shagon da wayar don ya yi wa Sallau godiya, na ƙara murya, tela ya tsayar da keken ɗinki.

Nafi'u ya ce, "Inna, ai na'ura ce kuka yi ta magana da ita. Tsohon ya ɗauki muryarsa ne, yana cewa ba ya gida, a bar saƙo."

Sallau ya ce, "To, ai saƙon na bari."

"Ya saurara, Baba. Duka ukun. Har maƙwabta ya kira, ba wanda ya tsinci kalma ɗaya. Ya ce in tambaya, bawan Allahn nan da ya shaƙe, an samu an kai shi asibiti kuwa?"